Tambaya da Amsa: Wanda Aka Hukunta kan Tuƙi Cikin Maye, Zai Iya Hawa Jirgin Ruwan Shaƙatawa?

Wasiƙun wannan karon duk a kan abu guda suke: an taɓa yanke wa mutum hukunci don ya tuƙa mota da barasa a jikinsa, yanzu kuma yana son hawa irin manyan jiragen ruwan nan masu yawo da fasinja daga ƙasa zuwa ƙasa. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda suka roƙa.

Daga wata Hajiya, unguwar Yantala, Yamai:

Assalamu alaikum. Ɗana yana zaune a Girinsboro ta Amurka, yana da katin zama na dindindin, fasfonsa kuma na Nijar ne. A watan Maris na 2022 kotu ta same shi da laifin tuƙi cikin maye, aka ci shi tara, aka sa shi ƙarƙashin sa-ido na wata 12. Alhamdu lillahi ya tuba ya bar abin. Yanzu yana so ya kai matarsa Alaska a jirgin ruwa daga Siyatil, duk a cikin Amurka. Wani abokinsa ya ce Kanada za ta hana shi. Shi kuwa ya ce me ya haɗa shi da Kanada, in jirgi ya tsaya can sai ya yi zamansa a ɗaki. Wa ke da gaskiya?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara shirya mana zuri'a. Abokin nasa ne ke da gaskiya, kuma ki gaya wa ɗanki kada ya biya ko sisi tukuna.

Ga abin da ya haɗa shi da Kanada. Amurka tana da wata doka tun 1886 da ta hana jirgin ruwa mai tutar wata ƙasa ya ɗauki fasinja daga tashar Amurka ya dawo da su ba tare da ya taɓa tashar wata ƙasa ba. Kusan dukan manyan jiragen shaƙatawa kuwa tutar waje gare su, irin ta Bahamas ko Fanama. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga Siyatil zuwa Alaska yake ratsewa Biktoriya ta Kanada, ko da na sa'o'i kaɗan ne da dare. Da jirgin ya ɗaure a tashar, duk wanda ke cikinsa ya zo Kanada a idon hukuma, ya sauka ko bai sauka ba. Kamar wanda ya hau bas daga Tawa zuwa Sakkwato ne: zamansa a kujera ba ya hana a duba takardunsa a iyakar Ƙonni. Tun kafin jirgin ya iso, kamfani ya riga ya aika wa jami'an iyakar Kanada sunan kowane fasinja da ranar haihuwarsa da lambar fasfonsa, su kuma suna iya duba kundin masu laifi na Amurka kai tsaye daga kwamfutarsu.

Katin zaman da yake da shi ya ɗauke masa neman bizar Kanada, fasfo mai rai da katin sun isa. Amma bai wanke shi daga maganar laifi ba. Kanada ba ta duba yadda ƙasar da ta yi hukuncin ta ɗauki laifin, abin da take tambaya shi ne: da a ƙasarmu aka aikata wannan, mene ne iyakar hukuncinsa? Daga ranar 18 ga Disamba 2018 iyakar hukuncin tuƙi cikin maye a Kanada ta tashi daga ɗaurin shekara 5 zuwa shekara 10. Sashi na 36 na dokar shige da ficensu kuwa ya ce duk laifin da iyakarsa ta kai shekara 10 babban laifi ne. Saboda haka ko da tara kaɗai aka ci mutum a can, ko da bai kwana a kurkuku ba, a lissafin Kanada yana sahun masu babban laifi. Wanda lauyansa ya yi ƙoƙari aka sassauta tuhumar zuwa tuƙin ganganci ma kada ya saki jiki, don tuƙi mai haɗari shi ma iyakarsa shekara 10 ce a can. Haka wanda shari'arsa ba ta ƙare ba tukuna, ana iya maido shi.

Ƙofa biyu ce ta rage wa ɗanki.

Ta farko ita ce neman a wanke shi har abada, da fom mai lamba IMM 1444. Ba a karɓar buƙatar sai an cika shekara 5 da gama hukunci, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskuren lissafi. Ba daga ranar da aka kama mutum ake ƙirgawa ba, ba kuma daga ranar shari'a ba, daga ranar da ɓangare na ƙarshe na hukuncin ya ƙare ne: ranar da aka biya ƙarshen tara, ranar da sa-ido ya cika, ranar da hanin tuƙi da kotu ta ɗora ya ƙare, duk wadda ta fi jinkiri. Sa-idon ɗanki ya ƙare a Maris 2023, don haka in babu wani abin da ya wuce wannan lokaci, sai Maris 2028 zai iya shigar da takardu. Wanda ya yi sakaci da ragowar tara ya biya bayan shekara biyu, ya tura ranarsa gaba da shekara biyu da hannunsa.

Takardun da zai tara: kofin hukuncin kotu, nassin dokar da aka hukunta shi da ita, shaidar biyan tara da ta kammala sa-ido da ta duk wani kwas da aka sa shi, takardar binciken laifi ta FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka, da ta jihar da ya zauna, da kaziye, wato takardar da ke nuna hukuncin da kotu ta taɓa yanke wa mutum, daga kowace ƙasa da ya yi wata 6 a jere cikinta tun yana ɗan shekara 18, har da Nijar. Takardunmu na Faransanci ba sa bukatar fassara, tunda Faransanci harshen hukuma ne a Kanada. Ya haɗa da wasiƙa da bakinsa, ya faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana, da abin da ya sauya a rayuwarsa: aiki, aure, barin sha. Kuɗin buƙatar ga mai babban laifi ya haura dalar Kanada 1,000, wato sama da jika 400 na sefa gwargwadon canji, ana ƙara shi kowane watan Disamba, kuma ba a maidowa in an ƙi. Amsa tana iya ɗaukar fiye da shekara.

Ƙofa ta biyu izinin shiga ne na wucin gadi, wanda takardunsu na Faransanci ke kira permis de séjour temporaire. Wannan ba ya jiran shekara 5, kuɗinsa ya ɗan haura dalar Kanada 200. Sai dai jami'i yana auna bukatar mutum da haɗarinsa ne, kuma ganin damarsa ne. Jana'iza, jinyar ɗan'uwa, ko aikin da kamfani ya tura mutum, dalilai ne masu nauyi. Yawon shaƙatawa dalili ne mai rauni. Ana samu wani lokaci, amma a nema ta ofishin jakadanci watanni kafin tafiya, kada a ce sai an isa tasha.

Ɗanki zai ji labarin waɗanda suka yi wannan tafiya da irin laifinsa ba wanda ya ce musu uffan. Gaskiya ne, ana yi. Wani kuma a kira shi gaban jami'i a cikin jirgi a ce kada ya taka ƙasa, wani a hana shi hawa tun daga farko. In jirgin daga Bankuba ta Kanada zai tashi ko can zai ƙare, abin ya fi muni, don dole ya bi ta gaban jami'in iyaka, kuma a filin jirgin sama ake juyo da mutum. Ba mu ga dalilin da magidanci zai zuba kuɗin gumi a kan sa'a ba, ga matarsa tsaye a gefensa a ranar da za a tona abin da ya riga ya tuba daga gare shi.

Mafita mai sauƙi ita ce sauya hanya. Jiragen da ke tashi daga Miyami zuwa tsibiran Karebiyan ba sa taɓa Kanada. A Hawai akwai jirgin Pride of America mai tutar Amurka, yana tashi daga Honolulu ya zaga tsibirai ya dawo ba tare da tashar waje ba. In Alaskar ce dole, akwai ƙananan jirage masu tutar Amurka da ke fara tafiya daga cikin Alaska kanta, sun fi tsada, kuma ya kula da balaguron ƙasa daga garin Sikagwe, don wasunsu suna tsallaka iyaka zuwa Kanada. Abu na ƙarshe, Hajiya: kafin ya fita Amurka ko ina ne, ya zauna da lauyan shige da fice. Laifi guda na tuƙi cikin maye ba tare da rauni ko ƙwaya ba yawanci ba ya taɓa katin zama, amma a dawowa ake yi wa mutum tambayoyi, gara ya riƙe kofin hukuncin a jakarsa.

Daga wani Alhaji ɗan kasuwa, Tawa:

A 2013 ina Liyon ta Faransa aka tsayar da ni, aka auna jinina aka samu giram 0.9 na barasa a lita. An ci ni tara, an dakatar da permina wata 6, komai ya ƙare a 2014. Kaziyen da na karɓo a tiribinal na Tawa fari ne tas. Ina so in kai iyalina jirgin da ke tashi daga Barselona, ya bi Marsey da Jenowa da Tunis ya dawo. Daga baya kuma ina son irin wannan daga Kebek ta Kanada, inda ɗiyata ke karatu. Dole ne in tono abin da ya wuce?

Alhaji, tafiyar Bahar Rum ba ta da matsala ta wannan fuska. Fom ɗin bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ba shi da tambaya a kan hukuncin kotu. Abin da ke hana mutum shi ne sunansa ya kasance a kundin waɗanda aka haramta wa shiga, ko a ɗauke shi barazana ga zaman lafiya. Tara da dakatar da permi ba sa kai mutum wannan kundi, sai in an haɗa masa da umarnin barin ƙasa ko hanin shigowa. In ka san an taɓa ba ka irin wannan takarda, wannan magana ce daban, a fara warware ta.

Abin da ya fi kayar da masu irin tafiyarka nau'in biza ne. Jirginka zai fita yankin Shengen ya je Tunis ya dawo, don haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba: da an yi rajistar fitarka, ta mutu, kuma kamfani ba zai bari ka hau ba tun daga Barselona. Ka nemi mai shiga sau biyu ko sau da yawa, ka haɗa da jadawalin tashoshin jirgin. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun Yuni 2024, kimanin jika 59, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Ana bukatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana nema a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa cikinta, in kwanakin sun yi daidai sai ƙasar da za ka fara shiga, a nan Sifen ke nan. Ka tuna ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024. Fasfo kuma, dokar Shengen wata 3 take nema bayan ranar fita, amma kamfanonin jiragen galibi wata 6 suke nema, nasu za ka bi.

Kebek kuwa, a nan dole ka faɗa. Fom ɗin bizar Kanada yana tambaya ko an taɓa kama ka, ko tuhumarka, ko hukunta ka a kan wani laifi a kowace ƙasa. Bai tambayi abin da ke cikin kaziyenka ba. Kaziyen Tawa abin da kotunan Nijar suka yanke yake nunawa. Na Faransa ma, takarda mai lamba 3 da ake nema kyauta daga ofishinsu na Nant, manyan hukunce-hukunce kaɗai yake ɗauka, irin ɗaurin da ya wuce shekara 2, don haka tara irin taka ba za ta fito a ciki ba. Farin kaziye bai mai da amsar ta zama "a'a" ba. Wanda aka gano ya ɓoye, sashi na 40 na dokarsu ya hana shi Kanada shekara 5, kuma Kanada da Amurka da Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan suna musayar bayanan zanen yatsu na masu neman biza. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kuma ba ka da abin ɓoyewa, don lokaci ya yi maka aiki. Laifinka ya riga Disamba 2018, saboda haka da tsohon ma'auni ake auna shi. A tsohon ma'auni, mai laifi guda ɗaya wanda ba rauni a ciki, in shekara 10 ta wuce da gama hukuncinsa, ana iya ɗaukarsa ya wanku ba sai ya nema ba. Naka ya cika a 2024. Ka amsa "e", ka haɗa da takardar hukuncin da shaidar biyan tara da ta maido permi. In kana son tabbaci kafin ka sayi tikiti, ana cika IMM 1444 a yi alama a gurbin neman bayani kawai, ba a biyan kuɗi, jami'i zai duba ya gaya maka matsayinka.

Ga masu karatu da aka taɓa tsayarwa a Faransa, adadin da aka auna yana da muhimmanci. Daga giram 0.5 zuwa ƙasa da 0.8 a litar jini ƙaramin laifi ne, tarar yuro 135 da cire maki 6 daga permi. Daga 0.8 zuwa sama shi ne laifin kotu, kuma 0.8 ɗin nan ita ce iyakar da dokar laifuka ta Kanada ta sa. Wanda ke ƙasa da ita galibi laifinsa ba ya yin daidai da na Kanada, amma takardar da ke nuna adadin ita ce hujjarsa, kada ya yar da ita.

Daga wani matashi, unguwar Bukoki, Yamai:

Na yi aikin otel shekara 4. Bara kotu a nan Yamai ta yanke mini ɗaurin wata 3 na jeka-ka-gyara-halinka kan tuƙi cikin maye, ban ji wa kowa ciwo ba. Wani ya ce in ba shi jika 800 zai samo mini aiki a jirgin ruwan shaƙatawa, kuma zai gyara mini kaziye. In yarda?

Kada ka yarda, ɗan'uwa. Yarjejeniyar aikin teku ta duniya ta 2006 ta hana a karɓi kuɗin samo aiki daga hannun ma'aikacin jirgi. Abin da ke kansa shi ne fasfo da littafin ma'aikacin teku da takardar likita, kuɗin biza ma mai jirgi ne ke ɗauka. Duk wanda ya nemi jika 800 kafin kwantiragi ya riga ya nuna maka ko shi wane ne. Gyaran kaziye kuwa jabun takardar hukuma ne, laifin da ya fi wanda kake ƙoƙarin rufewa nauyi nesa ba kusa ba.

Kamfanonin jirage suna neman kaziye sabo, wanda bai wuce wata 3 ba galibi, kuma kowanne da ma'auninsa. Laifin tuƙi guda ba ya rufe ƙofa har abada, amma na bara ɗanye ne, kuma barasa abu ne da suke tsananta wa ma'aikata a kai: ƙa'idar duniya ga masu aikin tsaron jirgi giram 0.5 ce a litar jini, ana gwaji ba sanarwa, ana sallamar mutum a tasha ta gaba.

Akwai kuma shingen da ya fi wannan. Ma'aikacin jirgin da ke taɓa tashoshin Amurka sai da biza mai suna C1/D. A tsakiyar Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta dakatar da ba ƴan ƙasarsu biza, daga 1 ga Janairu 2026, ban da masu katin zama da masu tafiya da fasfon wata ƙasa da ba ta cikin jerin. Irin wannan mataki yana sauyawa, ka bincika halin da ake ciki a ranar da za ka nema. Ko an ɗage shi, ƙa'idar ofisoshin jakadancinsu ita ce wanda aka kama sau ɗaya kan barasa da tuƙi cikin shekara 5 da suka wuce, ko sau biyu cikin shekara 10, sai an tura shi wurin likitan da suka amince da shi ya duba ko yana da matsalar sha. Shawararmu: ka bar wa'adin hukuncinka ya wuce lafiya, ka tara takardun shaida daga otel ɗin da ka yi wa aiki, ka ƙarfafa Ingilishinka, sannan ka nema kai tsaye ta shafin kamfanonin da jiragensu ke yawo a Bahar Rum da Tekun Fasha.

Daga wata malamar makaranta, Tawa:

Mijina ya riga ya biya kuɗin ajiye wuri a jirgin da ke tashi daga Sawthamton ta Ingila. Wata 7 ke nan da aka ci shi tara a Beljiyam kan wannan laifi. In an hana shi biza, za su maido mana kuɗinmu?

Malama, ku duba takardar yarjejeniyar yau ɗin nan. A dokar Birtaniya, mai neman bizar ziyara da kotu ta yanke wa hukuncin da ba na ɗauri ba, ana ƙin buƙatarsa sai wata 12 sun wuce daga ranar hukuncin. In ɗaurin ƙasa da wata 12 ne, ana ƙirga wata 12 daga ranar da ya ƙare. Ɗaurin wata 12 zuwa sama kuwa ƙi ne kai tsaye. Fom ɗinsu yana tambaya har laifukan tuƙi, kuma ɓoyewa tana jawo hanin shekara 10. Mijinki yana da sauran wata 5 kafin ya nema, sai a ƙara makonnin jiran amsa a kai.

Kamfani ba ya maido kuɗi don an hana mutum biza ko an hana shi hawa. Yarjejeniyar ta ɗora alhakin takardu a kan fasinja, inshorar tafiya ta yau da kullum ma ba ta biyan wannan asara. Abin da zai cece ku shi ne ranar biyan ƙarshe, wadda galibi take faɗowa tsakanin kwana 75 da 120 kafin tashi. Kafin wannan rana, sokewa ba ta cin fiye da kuɗin ajiya, wani lokaci ma ana maido shi ko a yarda a ɗage tafiyar. Bayanta asarar tana hawa mataki-mataki har ta cinye kuɗin duka a makonnin ƙarshe. Ku rubuta wa wakilin da ya sayar muku, a rubuce ba ta waya ba, ku nemi a mayar da ku jirgin da zai tashi bayan wata 12 ɗin sun cika da aƙalla wata 3. In sabon jadawalin ya haɗa da Norwe ko Faransa ko Sifen, zai bukaci bizar Shengen ban da ta Birtaniya, kowacce da ranar ganawarta daban.